Yadda Baƙo Zai Yi Hunturu a Ƙaramin Garin Meziko, Daga Farkon Disamba Zuwa 2 ga Fabrairu

Bahaushen da karatu ko aiki ko ziyarar ɗan'uwa ta kai shi ƙasar Meziko a ƙarshen shekara, kuma ya sami kansa a ƙaramin gari maimakon babban birni, zai tarar da jama'a sun tsunduma cikin wata hidima wadda ba a naɗe tabarmarta sai bayan kusan wata biyu. Mutanen ƙasar suna yi wa tsakiyar wannan lokaci laƙabi da Guadalupe-Reyes, wato daga 12 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, amma a aikace hidimar tana somawa tun kafin nan, kuma sai ranar 2 ga Fabrairu ake rufe ta. Na ɗauki garin Pátzcuaro na jihar Michoacán a matsayin misali, gari mai mutane kimanin 60,000 da ke kusa da wani tafki mai suna irin nasa, a ƙasar ƙabilar Purépecha, sai dai yawancin abin da zan faɗa ya shafi sauran ƙananan garuruwan tsakiyar ƙasar.

Abin da ya kamata baƙo ya riƙe tun daga farko shi ne, maƙwabta ne ke ɗaukar nauyin waɗannan bukukuwa ta hanyar karɓa-karɓa, yau a gidan wannan, gobe a gidan wancan, kuma duk wanda ya zauna ya ci, akwai ranar da za a juyo kansa. Matan ƙasar Hausa da suka san ma'anar kai gudummawar biki, da yadda ake riƙe lissafinta a zuci har ranar ramawa, ba za su sha wahalar gane tsarin ba.

Mataki na farko: ka isa kafin cunkoso

Idan kana da zaɓi, ka isa a makon farko na Disamba. Daga birnin Meziko ana hawa motar safa a tashar yamma, wadda aka fi sani da Observatorio, a yi tafiyar kimanin awa huɗu zuwa Morelia, babban birnin jihar, daga can kuma a ƙara kamar awa ɗaya zuwa Pátzcuaro. Dalilin yin sammako shi ne, Michoacán tana cikin jihohin da suka fi yawan 'yan ci-rani a Amurka, kuma Disamba ne watan komawarsu gida, kamar yadda mutanenmu ke cika tashoshin Legas idan Sallah ta matso. Daga tsakiyar wata za ka fara ganin motocin a-kori-kura masu lambar Kalifoniya da Tekzas, an yi musu lodi har sama an ɗaure da igiya, suna kutsawa cikin lungunan da aka shimfiɗa wa duwatsu tun zamanin da ba a san mota ba. Zuwan waɗannan mutane, waɗanda ake kira paisanos, shi ke sa iyalai su tara ɗaurin aure da baftismar jarirai da bikin cikar 'yan mata shekara 15 duk a cikin wata guda, shi ke kuma sa kujerar mota ta yi wuya, kuɗin ɗaki ya tashi. Ka sayi tikitin komawarka tun ranar da ka sauka. Ka kuma riƙa yin tafiyarka da rana, domin akwai sassan jihar, musamman yankin da ake kira Tierra Caliente, da ke fama da rikicin gungun masu safarar miyagun ƙwayoyi, kuma su kansu 'yan gari ba sa son hawa babbar hanya cikin dare sai da larura.

Mataki na biyu: ka zaɓi ɗaki saboda sanyi

Pátzcuaro yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,100. Lokacin rani ne, ba a cika ganin ruwan sama ba, da rana sarari garau, zafi yakan kai digiri 20 ko ya ɗan haura, amma da zarar rana ta faɗi da misalin ƙarfe shida sai sanyi ya sauko, kafin asuba yakan yi ƙasa da digiri 5, wasu ranakun har a wayi gari raɓa ta daskare a kan ciyawa. Wanda ya san hunturun Jos ya san ƙanen wannan, sai dai a nan babu hazo babu ƙura.

Gidajen tsohon gari na tubalin ƙasa ne masu kaurin bango, an shafa musu fari daga sama da ja mai duhu daga ƙasa, an rufa su da jan yumɓu, ɗakuna suna kewaye da tsakar gida. Suna da kyau a ido, amma da wuya ka sami wanda aka sa wa abin ɗumama ɗaki, har ta kai da hantsi cikin ɗaki ya fi waje sanyi, shi ya sa za ka ga tsofaffi sun fito da kujeru ƙofar gida suna shan rana. Saboda haka kafin ka biya kuɗi ka je ka duba ɗakin da kanka da misalin ƙarfe goma na safe, ka ga ko rana tana shiga ta taga. Ka tambayi mai gida barguna nawa zai ba ka, ka sa a kunna maka tukunyar ɗumama ruwan wanka a gabanka, ka kuma ji wanda zai riƙa biyan kuɗin gas, domin a kan wannan ake yawan samun saɓani. Sannan ka leƙa waje ka ƙiyasta nisanka da coci mafi kusa, saboda wani dalili da za ka ji da kunnenka nan gaba.

Akwai abu ɗaya da ba a yi masa sassauci: kada ka shigar da kaskon gawayi ɗaki ka rufe ƙofa ka kwanta, komai tsananin sanyi, domin hayaƙinsa da ido ba ya gani yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba, a Michoacán kamar yadda yake yi a Kano. Maganin sanyi a nan shi ne riga bisa riga, waɗanda za ka riƙa tuɓewa ɗaya bayan ɗaya yayin da rana ke ɗagawa, da hula da safa na kwanciya, da kuma gabán, wani bargon ulu mai ƙofar wuya a tsakiya da mazan ƙauye ke sawa, wanda za ka samu a kasuwa. Ka taho da man kaɗanya saboda fashewar leɓe, kuma kada ka tsorata idan ka ji kana haki a hawan tudu cikin kwanakin farko, tsayin wurin ne.

Musulmi zai shirya ibadarsa da kansa. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen ƙasar mabiya ɗariƙar Katolika ne, Musulmi kuwa ba su kai 10,000 ba a cikin mutum miliyan 126, don haka kada ka sa ran jin kiran salla. Alƙibla tana arewa maso gabas, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe bakwai, agogon Nijeriya da Nijar kuma yana gaban na Pátzcuaro da awa bakwai, abin lura ga mai son kiran gida kafin su kwanta.

Mataki na uku: ka koyi muryoyin layinku

Rayuwar yau da kullum a irin wannan gari da kunne ake binta. Motar gas tana zagayawa da safe da lasifika mai kiɗa iri ɗaya kullum, kuma wanda ya ji ya yi nawa, sai gobe. Mai ruwan sha yana kawo manyan goruna masu cin lita 20, ya karɓi fanko ya ba ka cikakkiya, domin ba a shan ruwan famfo. Motar shara kuma wani ne ke shiga gabanta yana kaɗa ƙararrawa, kowa ya fito da tasa sharar a guje. Cikin kwana uku za ka bambance su, kuma zai fi maka sauƙi ka tambayi maƙwabciyarka ranakun da kowannensu ke zuwa, tambayar da za ta zame maka ƙofar sabo.

Babban abincin yini shi ne comida, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana, kuma a wannan lokaci ƙananan shaguna da dama suna rufewa. Gabanin haka ake yin layi a tortillería, shagon da inji ke fitar da tortilla, siririyar wainar masara da ake ci da kusan kowane abinci. Da kilo ake sayarwa, kuma mutanen gari suna zuwa da ƙyallensu na naɗewa don kada ta huce. Ranar Juma'a ce babbar ranar kasuwa, inda mutanen ƙauyukan bakin tafki ke sauko da kifi da tukwane da kayan lambu. Zirga-zirga a cikin gari da ƙananan motocin haya ake yi, waɗanda ake kira combi, kuma duk wanda ya shiga sai ya gai da waɗanda ya tarar a ciki.

Gaisuwar ba ta kai tamu tsawo ba, amma ba a tsallake ta: buenos días da safe, buenas tardes bayan tsakar rana, buenas noches da dare. Babba ana ce masa usted, ana kuma sa don kafin sunan dattijo, doña kafin sunan dattijuwa, kamar yadda ba za ka kira Malam ko Hajiya da suna gatsau ba. Idan za ka ratsa tsakanin mutane ka ce con permiso, idan ka tarar ana cin abinci ka ce provecho. Wata kalma da za ta gwada haƙurinka ita ce ahorita, wadda ma'anarta "yanzun nan", amma a bakin mai gyaran famfo a watan Disamba tana iya kaiwa jibi.

Mataki na huɗu: ka tanadi tsabar kuɗi

Dokar ƙwadago ta ƙasar ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya biya su aguinaldo, ƙarin da bai gaza ladan kwana 15 ba, kafin ranar 20 ga Disamba. Idan ka haɗa wannan da kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa, da na masu kwasar tanda, wato adashinsu, waɗanda da yawa ke neman kwasarsu ta faɗo a ƙarshen shekara, za ka gane dalilin da ya sa layin na'urar cirar kuɗi ke kaiwa har bakin titi a mako na uku. Ka cire abin da zai ishe ka tun da wuri, ka kuma tuna bankuna ba sa buɗewa ranar 12 da 25 ga Disamba da 1 ga Janairu. A kasuwa da combi tsabar peso ake karɓa, kuma mai ba da takardar 500 don sayen tumatir zai tsaya jiran canji. Ka ware 'yan silalla da ƙananan takardu ga masu kwasar shara da mai kawo ruwa, domin a wannan wata suna sa ran goron Kirsimeti daga kowane gida.

Mataki na biyar: ka san abin da ke cikin tukunya

A nan ne ya kamata baƙo ya fi buɗe ido, musamman Musulmi. Alade yana da babban matsayi a girkin Michoacán, garin Quiroga da ke kusa ma da soyayyen namansa ya yi suna, amma wanda ya fi wuyar ganewa shi ne kitsensa, manteca, wanda ake cuɗa ƙullin masara da shi, a soya wake da shi, wani lokaci har a sa a burodi. Tamales, waɗanda suke kamar alalar masara da ake naɗewa a bawon masara a turara, yawanci da wannan kitse ake yinsu ko da naman cikinsu na kaza ne, haka ma corundas, 'yan'uwansu masu kusurwa uku da wannan jiha ta shahara da su. Pozole, faten ƙwayar masara da ake yi a manyan taruka, shi ma galibi da alade ne. Ka haddace jimla biyu: "No como puerco", ba na cin alade, da "¿Lleva manteca?", da kitsen alade a ciki? Ka faɗa tun ranar da aka gayyace ka, kada ka bari sai an ɗora maka kwano a gaba, domin mayar da abinci bayan an zuba yana yi musu ciwo kamar yadda yake yi mana.

Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne. Tortillar masara ba ta da komai sai masarar da aka dafa da farar ƙasa irin ta girki, da ruwa. Akwai kifi, da ƙwai, da cuku, da piya, wadda Michoacán ta fi kowace jiha nomanta. Akwai atole, kunun masara mai zafi da ake sha da sassafe da dare. Akwai kuma ponche, abin shan wannan lokaci, wanda duk Bahaushen da ya leƙa tukunyarsa zai ga 'yan gida: zoɓorodo, wanda suke kira jamaica, da tsamiya, da gwaiba, da rake da aka feƙe aka tsaga siri-siri, da kirfa, da piloncillo, wanda mazarƙwaila ce ba ragi ba ƙari, sai dai tasu a dunƙule take da tsini. Baƙo a cikinsu ɗaya ne, tejocote, ɗan itace ruwan ɗorawa da ya ɗan fi kanya girma. Da zafinsa ake sha a kofin yumɓu, a tsamo 'ya'yan itatuwan da sandar raken, a ƙarshe a shanye raken. Idan aka tambaye ka ko kana son sa con piquete, ana nufin a tsiyaya masa barasa, amsarka ita ce "sin piquete". Rompope, wanda yake kama da madara mai kauri, da sidra da ake zubawa a daren Kirsimeti, su ma duk da barasa a cikinsu.

Mataki na shida: ranakun 8 da 12 ga Disamba

A Pátzcuaro ana buɗe fage ranar 8 ga wata da bikin Budurwa Maryamu ta Lafiya, Virgen de la Salud, wadda siffarta ke babban cocin garin, an ƙera ta tun ƙarni na 16 da ƙullin ɓargon karan masara. A wannan coci ne kuma aka ajiye ƙasusuwan Vasco de Quiroga, bishop na farko na Michoacán, wanda ya rasu a 1565, kuma har yau Purépecha suna ce masa Tata Vasco, wato Baba Vasco. Masu ziyara suna kwararowa daga ƙauyuka, harabar cocin ta zama kasuwa. Bayan kwana huɗu sai ranar Guadalupe, wadda ƙasar gaba ɗaya ke yi, domin tunawa da abin da Katolika suka yi imani da shi na bayyanar Maryamu ga wani ɗan asalin ƙasar mai suna Juan Diego a dutsen Tepeyac a 1531. Za ka ga an yi wa yara maza shigar Juan Diego, da farin yadi da hular kaba da gashin baki na zane.

A waɗannan ranaku ne za ka gane amfanin auna nisanka da coci. Cohetes, rokokin wasa da ake harbawa sama su fashe da ƙara kamar bindiga, ana fara su tun kafin asuba, ƙararrawa na biye, makaɗan ƙaho na biye da ita, karnukan unguwa kuma su ɗauka. Daren farko baƙo yakan zabura ya zaci faɗa ne ya ɓarke. Ƙorafi ba ya hana su, ka nemi audugar toshe kunne a kantin magani.

Mataki na bakwai: yadda ake shiga posada

Daga 16 zuwa 24 ga Disamba, dare tara a jere, kowace unguwa tana yin posada, kalmar da ke nufin masauki. Kwaikwayo ne na yadda Yusufu da Maryamu suka yi ta neman wurin kwana a Baitalami. Ana danganta asalinsa da limaman ɗariƙar Agustin na garin Acolman, kusa da birnin Meziko, waɗanda suka fara addu'o'in waɗannan darare tara a ƙarshen ƙarni na 16, daga baya al'adar ta fito daga coci ta koma gidaje da tituna.

Tun farkon wata ake raba dararen ga gidaje, kuma kusan kullum akwai wata mata da ke riƙe da takardar lissafi. Ita za ka nema ka tambaya, "¿Con qué coopero?", wato da me zan taimaka, domin cooperación, karo-karo, ita ce ƙashin bayan hidimar. Ba a sa ran baƙo ya ɗauki dare guda shi kaɗai, amma kilo biyu na lemun tanjarin, ko ledar gyaɗa mai ɓawo, ko piñata guda, wato tukunyar alewa da ake ratayewa yara su fasa da sanda, za su sa a daina kallonka a matsayin ɗan kallo. A ganina piñata ta fi, domin yara ba sa manta wanda ya kawo ta.

Idan an ce ƙarfe bakwai, kafin a tashi takwas ta yi. Ana taruwa a bakin layi, yara suna ɗauke da wani faifan katako da aka ɗora wa ƙananan siffofin Maryamu a kan jaki da Yusufu yana riƙe da linzami, sauran jama'a suna biye da 'yan kyandirori, kowa ya kare wutarsa da tafin hannu saboda iska, kakin yana ɗiga a yatsu, wata dattijuwa da ta lulluɓa da baƙin mayafi tana jan addu'a ana amsawa. A ƙofar gidan da ke da daren sai a rabu biyu, rabi su shiga su rufe ƙofa, rabi su tsaya a waje cikin sanyi. Na waje suna rera roƙon masauki da bakin Yusufu, na ciki suna mayar da martani cewa nan ba masauki ba ne, su yi gaba, wa ya sani ko ɓarayi ne. Haka za a yi ta musayar baiti har na ciki su gane ko su wane ne baƙin, sannan a wangale ƙofa, kowa ya kwarara tsakar gida inda tukunyar ponche ke tururi.

Bayan addu'a sai piñata. Asalinta tukunyar ƙasa ce da ake liƙe ta da takardu masu launi, a yi mata tsinaye bakwai, waɗanda limamai suka fassara da manyan zunubai bakwai, a cika ta da rake da gyaɗa da tanjarin da alewa, ko da yake yanzu da yawa da kwali ake yinsu saboda katangar tukunya tana yanka yara. Ana rataye ta a igiya, wani saurayi ya hau rufin ɗaki yana ja yana saki, a ɗaure wa yaro ido, a ba shi sanda, jama'a suna rera masa waƙar da ke auna lokacinsa. Daga ƙarami ake farawa. Ka ja da baya sosai, domin mai sanda ba ya gani, kuma idan ta fashe kada ka shiga wawaso, na yara ne. Kafin a watse za a raba wa kowa 'yar ledar alewa da biskit, wadda ita ma aguinaldo ake ce mata. Ka karɓa ka yi godiya, ka kuma nemi uwar gida ka yi mata sallama ta musamman kafin ka fita.

Ga wanda addininsa bai ba shi damar shiga addu'o'in ba, hanya mafi tsabta ita ce ya faɗa a fili tun farko, ya ce zai zo bayan an gama, ko ya tsaya daga baya cikin natsuwa ba tare da riƙe kyandir ba. Ko a cikin 'yan ƙasar akwai Kiristocin da ba Katolika ba waɗanda ba sa shiga, don haka uzurin ba baƙo ba ne a kunnensu. Abin da ke ɓata rai shi ne mutum ya amsa gayyata ya ƙi zuwa ba labari.

Mataki na takwas: daga daren 24 zuwa sabuwar shekara

Babban taron Kirsimeti daren 24 ne, wanda ake kira Nochebuena, sunan da suke kiran jan furen nan ɗan asalin ƙasarsu da za ka gani a kowace ƙofa. Ka gama sayayyarka kafin azahar, domin shaguna suna rufewa da wuri, kuma washegari gari tsit yake kamar an yi shara. Wannan dare na dangi ne, don haka idan aka gayyace ka an girmama ka ƙwarai, kada ka je hannu rabbana, ka riƙe kwandon 'ya'yan itace ko kek. Ka ɗan taɓa wani abu da yamma, domin ba a zama cin abinci sai wajen sha ɗaya ko sha biyun dare, bayan an dawo daga coci an kuma kwantar da siffar jariri Yesu a cikin nacimiento, ɗan ginin kwaikwayon wurin haihuwarsa da kowane gida ke shiryawa. Ranar 25 ɗumame ake ci, recalentado, kuma suna yi masa kirarin da muke yi wa ɗumamen tuwo, wai ya fi na jiya daɗi.

Ranar 28 ga wata ranar zolaya ce, jaridu ma sukan buga labarin ƙarya da gangan, kuma a bisa al'ada wanda ya ba da aro a wannan rana bai da bakin neman abinsa, don haka ka riƙe aljihunka. Daren 31 kuma ana cin ƙwayar inabi 12 daidai da bugun ƙararrawa 12, wasu su fito da akwati su zagaya layi don neman sa'ar tafiya. Ka kasance ƙarƙashin rufi idan sha biyu ta buga, domin har yanzu akwai masu harba bindiga sama don murna, duk da gargaɗin da hukumomi ke yi kowace shekara.

Mataki na tara: burodin 6 ga Janairu da bashin da ke cikinsa

Yaran ƙananan garuruwa da dama sun fi sa ran kyauta daga Sarakuna Uku, masanan gabas da suka kai wa jariri Yesu ziyara, don haka daren 5 ga Janairu suna ajiye takalmi da wasiƙa a ciki, iyaye kuma suna kwana a rumfunan kayan wasa, a daidai lokacin da aljihu ya fara shiga abin da suke kira cuesta de enero, hawan tudun Janairu. Washegari da yamma ake yanka rosca, wani babban burodi mai siffar ƙawanya da aka yi wa ado da busassun 'ya'yan itace, ana sha da cakulan mai zafi. An ɓoye ƙaramar 'yartsana ta roba a cikinsa, wani lokaci fiye da ɗaya, kuma kowa da hannunsa yake yanka rabonsa, sauran suna zuba wa wuƙar ido. Ka tauna a hankali saboda haƙori. Wanda ya ci karo da ita a rabonsa, shi zai ciyar da duk waɗanda ke wurin tamales da atole ranar 2 ga Fabrairu, ranar Candelaria, kwana 40 bayan Kirsimeti, lokacin da ake yi wa siffar jaririn sutura a kai ta coci tare da kyandirori. Ana yawan barkwanci a kan masu ɓoye ta a kunci don gudun ɗawainiya, amma kowa yana lura.

Idan ta faɗo kanka, ka ɗaga ta kowa ya gani, ka ƙirga mutanen da ke wurin, ka lissafa tamales uku-uku ga kowane mutum. Mako guda kafin ranar ka nemi matar da ke yin tamales a unguwarku, maƙwabciyarka za ta nuna maka gidanta, ka ba ta rabin kuɗi kafin alƙalami, domin a wannan rana kowa ita yake nema. Tunda kai ne mai biya, kana da ikon cewa a yi da man girki maimakon manteca, a cika su da cuku da yankakken barkono kore, wanda suke kira rajas, ta yadda kai ma za ka zauna ka ci. Idan kuwa tafiyarka za ta kama kafin 2 ga Fabrairu, ka sanar tun a wurin yankan burodin, sannan ko dai ka matso da ranar ka ciyar da su kafin ka tashi, ko ka damƙa kuɗin a hannun uwar gidan da aka yi taron, ka gaya mata adadin da ka yi oda da sunan matar da za ta kawo.